Telan da Ya Yi wa Mota Awo

Ba a taɓa gama yi wa telan layin nan bayani ba. Kana tsakiyar magana zai ɗaga maka hannu ya ce ya sani, ko da mafarkin da ka yi jiya kake ba shi labari. Tun ana ce masa Tela har sunan ya koma Na-sani, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, don a zatonsa kirari ne. Ɗinki dai yana taɓawa ba laifi, in ka yi sa'a hannayen rigarka su zo tsawo ɗaya. Amma in ka zauna bencin mai aski da yamma ka ji shi yana zuba, sai ka rantse ɗinkin nan taimakon jama'a kawai yake yi, ainihin baiwarsa sanin cikin inji ce. Hujjarsa ba ta wuce keken ɗinkinsa ba. A faɗarsa, duk wani abu mai juyawa a duniya keken ɗinki ne aka ƙara wa girma, daga injin niƙa har jirgin sama, kuma wanda ya iya kwance kan keke ya mayar babu ƙarfen da zai gagare shi. Abin da ba ya faɗa shi ne ko keken hawa bai taɓa mallaka ba, kuma abin yana ci masa rai.

Surukinsa, uban matarsa, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kowa Baba yake ce masa. Gidansa na can gangaren layin, shagon Na-sani da gidansa kuma suna saman tudu. Baba yana da wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ta girmi 'ya'yansa duka, kullum da safe sai ya goge ta da tsumma kafin ya karya kumallo. A cikinta ya kai marigayiya matarsa asibiti duk haihuwar da ta yi, shi ya sa ko yaro ne ya jingina da ita sai ya ji gyaran murya daga cikin gida. Bana ido ya fara ba Baba wahala, likita ya ce ya haƙura da tuƙi. Motar ma kamar ta ji abin da likitan ya ce, ta fara ɗingishi. In an tayar da ita sai jikinta ya kama rawa, salansa na tari ɓut-ɓut, in ta zo hawan layin kuwa, ko an danne totur har ƙasa sai mai tura baro ya wuce ta yana gaishe da direba.

Wata safiya matar Na-sani ta dawo daga gidan ubanta baki har kunne, da makulli a hannu. Ta ce Baba ya yanke shawara, motar tasu ce. Bakanike ya riga ya zo ya duba ta, gobe zai dawo ya gyara, daga nan Baba ya miƙa wa surukinsa ita da hannunsa. Yau Baba zai wuni a asibitin ido, shi ne ya ba ta makullin ta kwashe masa tarkacensa daga ciki.

Daɗi ya kusa kashe Na-sani. Har ya hango kansa da gwiwar hannu a taga, yana wuce bencin mai aski a hankali. Amma da ya tuna bencin sai murnar ta koma ciki, domin a kan bencin nan ya sha faɗa cewa shi ya koya wa bakaniken nan riƙon sufana. In aka ga bakanike ya gyara, suruki ya miƙa, shi kuma ya karɓa yana zuba godiya, to har ya mutu motar matarsa za a riƙa ce mata. Nan take dabara ta faɗo masa. Yau zai gyara ta, a gaban kowa, kafin Baba ya dawo, yadda duk wanda ya gan shi a ciki zai ce ai guminsa ne.

Da ya faɗa mata, matar ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Maigida, abin da ake so da kai kawai ka zauna ka ɗinka wandunan mutane har gobe. Ko shi ma ya yi maka yawa?"

"Ke ba ki san zaman maza ba. In aka ba ni ita da lafiyarta, kyauta ce. In na tashe ta da hannuna, haƙƙina ne."

"In ka kwantar da ita fa?"

Ya ce ya san duk abin da za ta faɗa, ta bar shi a cikinta. Ta bar shi ɗin, ta tura makullin ƙarƙashin matashi ta shiga wanka. Kafin ta fito ya gangara layi da makulli a aljihu da tef ɗin awo a wuya. Ya haɗa da ƙaramar sukundireba ta keke, da filaya, da 'yar kwalbar man keke, da alli, da babban almakashinsa.

Motar na ajiye gindin bishiya a ƙofar gidan Baba. Sai da Na-sani ya kunna waifa, ya danna hon, ya saki birkin hannu ya mayar, kafin hannunsa ya faɗa kan abin buɗe murfin inji. Hon ɗin ne ya tara masa jama'a. An ɗauke wuta tun safe, don haka mai walda ba shi da abin yi, ya tsallako yana sakace haƙori. Mai wanki da guga ya ajiye bokitinsa a gefe ya tsaya. Mai aski kuwa, da yake ya taɓa jan tasi kafin ya kama aska, shi aka sa ya zauna a sitiyari ya tayar da ita.

Mota ta tashi tana karkarwa. Na-sani ya ɗora bakin sukundireba a kan inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido ya ce kowa ya yi shiru, inji zai faɗa masa abin da ke damunsa. Ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa. Fanka ta fizge hularsa, ta zagaya da ita, ta tofo ta ƙarƙashin mota a yayyage. Mai wanki ya kau da kai yana danne dariya. Na-sani ya miƙe ya shafa sanƙonsa, ya sanar da jama'a cewa da gangan ya yi, ƙarfin fanka ya gwada, kuma lafiyarta ƙalau, an cire ta daga zargi.

Daga nan ya ce ciwon a fili yake, bushewa ce. Keke ma in ya bushe haka yake tsallake ɗinki. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya leƙa, ya ajiye murfin a kan batir ya manta da shi, ya shiga ɗiga man keke a duk inda ya ga ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Da ya ga bel na juyawa, shi ma ya ɗiga masa rabonsa. Bel ya fara santsi yana ƙara tsiii, kamar ɓeran da aka taka wa wutsiya. Mai aski ya leƙo ta taga ya ce an sami ci gaba, da ɗingishi kawai take yi, yanzu ta ƙara da kuka.

Mai walda ne ya ja masa abin da ya biyo baya, ko da yake ba da nufi ba. Ya ce shi dai ya sha ganin bakanike yana zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, wadda aka zare aka ga inji...

"Na sani," in ji Na-sani, ya ɗaga masa hannu.

Da ya bari mutumin ya ƙarasa, da ya ji cewa wayar da aka zare inji bai ko kula ba ita ce marar lafiya, tunda dama ba aikin take yi ba. Amma ina, Na-sani ya riga ya naɗe hannun riga.

Wayoyin guda huɗu ne, baƙaƙe masu kauri. Duk suna fitowa daga wata 'yar hula da ke gefen inji, wadda ke raba musu wuta, kowace ta nufi kan nata fulogin. Wadda fuloginta ke nesa doguwa ce, ta kusa kuma gajera. Na-sani ya kama mafi tsawo da hannu tsirara ya zare. Inji ya shaƙe kamar zai mutu, ya yi maza ya mayar. Ya juyo ya ce wa jama'a su shaida, wannan raguwa ce, taɓa ta kawai ya yi inji ya nemi shiɗewa. Ya zare ta biyu, haka. Ta uku ma haka. Yana ta girgiza kai yana tsaki, wai abin mamaki ma da motar take motsi da waɗannan malalata a cikinta.

Sai ya kai hannu kan gajerar.

Abin da ya ji, ya ce daga baya, kamar an ɗinke shi da allura dubu daga yatsa har ƙeya. Hannunsa ya yi sama da wayar, kansa ya daki murfin inji, sandar da ta tokare murfin ta zame, murfi ya sauko masa a gadon baya. Jama'a ba sa ganin komai sai ƙafafun tela biyu suna harbin iska, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Mai walda da mai wanki suka ɗaga murfin suka zaro shi. Inji kuwa yana nan yana ɗingishinsa yadda yake yi tun farko, ko a jikinsa an cire masa waya.

Na-sani ya zauna a bakin kwata yana yarfe hannu, idonsa na ruwa. Da numfashinsa ya dawo sai ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo.

"Kun ga jarumar cikinsu. Ita kaɗai ke da wuta, ita ke riƙe da motar nan."

"Ni kuwa tsaga na gani a jikinta," in ji mai walda. "Ta nan wutar ta fito ta gaishe ka."

"Wuta ce ta yi mata yawa har tana zuba. Kai da tartsatsinka ke ƙona wa mutane riga a hanya, kai ne za ka ga laifin waya?"

"Ni tartsatsina bai taɓa rufe ni cikin mota ba."

Na-sani ya yi kunnen uwar shegu da shi, don a lokacin wani babban ilimi ne ke sauko masa. Ya sa mai aski ya kashe inji, ya tashi tsaye ya yi wa taron bayani dalla-dalla. Me ya bambanta jarumar da sauran? Tsawo. Ita gajera ce, wuta na fitowa take isa da ƙarfinta. Sauran kuwa an yi musu tsawo na rashin hankali, kafin wuta ta kai ƙarshe ta gaji, ta isa tana haki. Turawan da suka ƙera motar nan ƙarfe suka sani, ba su san awo ba. Ina aka taɓa ganin riga hannu ɗaya dogo ɗaya gajere a ce ta zauna daidai? Mai aski ya ce shi ya gani, yana ma da irinta guda biyu a gida.

Na-sani ya tumɓuke wayoyin nan huɗu gaba ɗaya, sama da ƙasa, ya jera su a kan but ɗin mota kamar yadi a tebur. Ya ja tef daga wuya ya auna jarumar, ya auna sauran, ya shata musu alli. Da ya zaro almakashi sai mai aski ya fito daga mota.

"Tela, kafin ka yanka, ka tuna da wandona."

"Wandonka ƙafarka ce ta ƙara tsawo."

"Bayan na yi furfura?"

Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Bakin almakashin ya yi giɓi uku, amma wayoyi sun zo kai ɗaya, ko a shago ba ya samun awo ya fita haka. Ya cire hulunan bakinsu daga guntayen ya matse su a sababbin bakunan da filaya, ya ɗaga su sama kowa ya gani, ya sunkuya zai mayar.

Jarumar ta shiga wurinta. Ta kusa da ita ta kai da ƙyar, a miƙe kamar tsirkiya. Ta uku ta tsaya a hanya. Ta huɗu kuwa tsakaninta da fuloginta akwai taƙi guda har da ɗoriya. Na-sani ya ja, ya sake ja, ya juya ta ta wancan gefe ya ja. Sai wata mata daga ƙofar gidanta ta tambaya ko an gama ne.

Mai walda ya ce kada ya damu, da an kawo wuta zai yanka masa injin ya matso da fulogin kusa. Mai wanki ya ba da shawara a jiƙa su a ruwa a shanya da dutse a ƙasa, ya ga rigar sanyi ta ƙara tsawo ta haka. Gumi na bin sanƙon Na-sani, amma bakin bai mutu ba. Ya ce su duka ba su san sana'a ba, wane tela ne bai iya ƙari ba? Ya tsince guntayen da ya yanke daga ƙasa, ya feƙe bakunansu, ya murɗe jan ƙarfen ciki da na 'yan'uwansu. Da yake ba shi da salatif, ya zaro ƙyallaye daga aljihu ya naɗe kowane gaɓa, ya ɗaure da zare tamau. Ɗaya ta sami ƙyalle mai furanni, ɗaya mai ratsi-ratsi, ɗaya kuma ragowar labulen wani.

Mai aski ya tsaya yana kallo, hannu a haɓa. Ya ce shi fa kansa ya ɗaure. An yanke su don sun yi tsawo, yanzu an mayar da su tsawonsu na da, to me aka yi ke nan?

"Yanzu wuta tana da wurin hutawa a hanya," in ji Na-sani.

Saura mayarwa, nan kuma wata sabuwa ta ɓullo. 'Yar hular nan mai raba wuta ramuka huɗu gare ta, kuma kowace waya da nata ramin, domin inji ba bi da bi yake ba fulogai wuta ba, yana da nasa tsarin na tsallake-tsallake. Wanda zai cire su yakan sa alama, ko ya cire ɗaya ya mayar kafin ya taɓa ta gaba. Na-sani yana da alli a hannu tun ɗazu, amma awo ya yi da shi. Mai walda ya tambaye shi ko ya riƙe wace ta fito daga ina. Ya ce wannan tambayar yara ce, ai kamar maɓallan riga ne, na farko ramin farko, na biyu rami na biyu, wanda ya tsallake shi ne rigarsa ke karkacewa. Ya jera su reras, ya kaɗe hannu, ya ce mai aski ya koma ya murɗa.

Mota ta yi gur-gur-gur ta yi shiru. Aka sake, ta yi gur-gur, ta yi atishawa ɗaya, ta yi shiru. Batir ya fara jan numfashi.

Ana cikin haka matarsa ta ratso taron, don zuwa lokacin taro ne sosai, har masu wucewa sun ajiye kayansu. Ta leƙa cikin injin, ta ga ƙyallen da ya rage daga zanenta ɗaure a jikin waya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta matso kusa da shi ta yi ƙasa da murya, tsoro da takaici sun cika ta.

"Maigida, don girman Allah rufe murfin nan mu tafi gida. Gobe bakanike ya sayo wasu wayoyin. Ni zan ce wa Baba ɓeraye ne."

"Ɓeraye masu zare da allura," in ji mai aski daga cikin mota, don kunnensa ba ya barin komai ya wuce.

Dariyar da aka yi ita ta rufe wa Na-sani ƙofar da matarsa ta buɗe masa. Da su biyu ne kaɗai, wataƙila da ya bi ta. Amma ga idanu sun kai hamsin a kansa. Ya ce mata ta koma gefe, aikin maza ake yi, saura ƙiris. Ya bayyana wa jama'a cewa gyara ya gama, maƙogwaron motar ne kawai ya bushe saboda jira. Ya kwance tukunyar tace iska da ke kan kafireto, wato maƙogwaron da fetur ke bi, ya ajiye a ƙasa, ya ɗauko 'yar jarkar fetur da Baba ke ajiyewa a but, ya tuttula a maƙogwaron. Hannun nasa bai daina rawa ba tun gaisuwar da jarumar ta yi masa, don haka rabin fetur ɗin a kan ƙyallayen ya sauka.

Daidai nan tasi ta tsaya a bayan taron. Baba ya fito a hankali da sandarsa, an rufe masa ido ɗaya da auduga da filasta. Ya tsaya yana duban jama'ar da ta cika masa ƙofar gida, yana neman wanda ya mutu.

Mai hankali da ya ga surukinsa a wannan hali sai ya saki jarka ya nemi inda zai ɓuya. Na-sani kuwa gani ya yi Allah ne ya kawo masa babban baƙo a kan lokaci. Ya russuna ya yi masa sannu da dawowa, ya ce ya zo a daidai, yanzu zai ji muryar motarsa ta ƙuruciya. Ya koma ya kafa fuska a saman maƙogwaron kafireto don ya ga yadda take haɗiya, ya yi wa mai aski alama da hannu.

Mai aski ya murɗa.

Ƙarar da ta tashi har saman tudu an ji ta. Tsuntsayen bishiyar suka watse, wata mai talla ta saki farantinta, karnukan layin baya suka ɗauka. Harshen wuta ya fito ta maƙogwaron ya lashe girar Na-sani duka biyu da rabin gashin bakinsa, ya sauka kan ƙyallaye, su kuwa dama jira suke yi. Kafin ka ce me, mai furanni da mai ratsi-ratsi da labule duk sun kama. Mai aski ya fice ta ƙofar da ba tasa ba.

Na-sani yana tsalle yana kiran a kawo yashi. Wannan ce magana ɗaya da ya faɗa ranar aka bi ba musu. Akwai tulin yashin gini a gidan maƙwabta, mai walda ya sunkuto shebur ya shiga aiki da zuciya ɗaya. Shebur na farko ya tafi cikin maƙogwaron kafireto da ke buɗe. Na biyu ya sami ramin baƙin mai, wanda murfinsa ke zaune a kan batir tun safe. Mai wanki, don kada a ce bai taimaka ba, ya ɗauko bokitinsa na ruwan sabulu ya watsa daga nesa. Bai sami wutar ba, ya sami gilashin gaba da ya riga ya ɗauki zafi, gilashi ya ce tas, ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Wuta dai ta mutu. Hayaƙi ya lafa, aka ga abin da ya saura. Fentin murfin ya kumbura ya yi ƙuraje, wayoyin sun narke sun manne da juna, inji ya koma kamar inda kaji suka yi wanka.

Jama'a suka buɗa wa Baba hanya. Ya zo ya tsaya a gaban motar. Ya miƙa hannu ya shafa gefenta inda fentin bai ƙone ba, yadda yake shafa ta kowace safiya. 'Yarsa ta rufe fuska da mayafi. Kowa a layin ya san abin da motar nan take a wurin tsohon.

Na-sani ne ya fara magana. Ya matso, fuska baƙi ƙirin, babu gira, ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa, ai an gano ciwon, yanzu an san ba daga fanka ba ne, ba kuma daga...

"Waya ɗaya ce," in ji Baba, bai ko dube shi ba. "Gajerar nan. Bakanike ya nuna min tsagar, ya ce gobe zai zo da sabuwa a aljihunsa."

Na-sani ya buɗe baki. Abin da ya saba fitowa bai fito ba.

Baba ya juyo da idonsa mai gani, ya ƙare wa surukin nasa kallo. Ya ce ya gode wa likita da ya rufe masa ido ɗaya, rabin abin kawai ya gani, kuma rabin ma ya ishe shi. Sannan ya sa hannu ta taga ya zare makullin, ya kamo hannun Na-sani ya danƙa masa, a gaban kowa, yadda ya yi niyya tun farko.

"Ban fasa ba, taka ce. Da ka bari har gobe, da da ƙafarta za ta zo maka. Yanzu sai ka san yadda za ka yi da ita. Abu ɗaya nake roƙo, kada in fito da safe in same ta a nan. Ba zan iya ganinta haka ba."

Ya shige gida ya turo ƙofa.

Na-sani ya juya neman masu taimako. Mai walda ya ce kamar ya ji an kawo wuta. Mai wanki ya tuna ya bar kayan mutane a jiƙe. Mai aski ya ce bayansa ya riƙe tun fitowar da ya yi ta ƙofar can, amma zai je ya zauna a benci ya nuna masa hanya in ya iso. Taron nan da ya cika layi ya narke, kowa ya koma ƙofar gidansa ya gyara zama, domin daga gidan Baba zuwa gidan tela hawa ne zalla, kuma ba wanda yake so ya rasa kallo.

Matarsa ta share ido, ta karɓi makullin daga hannunsa ba tare da ta tambaya ba. Ta kakkaɓe kujerar direba, ta shiga ta zauna, ta saki birkin hannu, ta kama sitiyari da hannu biyu. Na-sani ya zagaya baya da takalmi ɗaya, ya kafa kafaɗa a jikin but, ya yi nishi. Mota ta motsa kaɗan.

Ta leƙo ta taga.

"Tura a hankali, maigida. Sabuwar mota ce, kada ka ƙwarzane mana fenti."